Lasisin mota a Saudiyya: abin da nake gaya wa sababbin zuwa

Ƙanena, in kana son tuƙi a Jidda, fara duba iƙamarka, wato takardar izinin zama, kada ta zama ta ƙare, kuma ka cika shekara 18. Sai ka shiga Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, ka nemi gurbi a makarantar koyon tuƙi, ka je asibitin da aka amince da shi a gwada idonka, a duba rukunin jininka. Akwai jarabawar alamomin hanya a kwamfuta, akwai ta tuƙi. Ni a fakin na baya na faɗi karon farko, duk da shekarun da na yi ina jan tasi a Kano. Kuɗin lasisin ƙaramar mota riyal 40 ne a shekara.

Inda aikin yake shi ne bayan ka karɓa. Nan babu ɗan sandan da za ka ce wa "ranka ya daɗe, a yi haƙuri". Kyamarar Sahir, mai sa ido kan laifukan tuƙi, ce ke ɗaukarka, saƙo ya faɗo a wayarka kafin ka isa gida. Tarar tsallake jar danja riyal 3000 zuwa 6000 ce, albashin wani na wata biyu kenan. Riƙe waya kana tuƙi 500 zuwa 900, rashin ɗaura bel 150 zuwa 300. Tarar wayar ta taɓa cina a hanyar Makka, ina amsa kiran uwargida.

In kana ganin an zalunce ka, shigar da ƙorafi ta Absher cikin kwana 30. In ba haka ba, ka biya da wuri, don ba a sabunta lasisi ko istimara, wato takardar rajistar mota, da bashin tara a kanka.