Yadda Ake Shirya Daren Burns Irin Na 'Yan Sikotlan Mazauna Ƙasashen Waje

In kana zaune a Kanada ko Amurka ko Ostireliya ko Niyu Zilan kuma kana hulɗa da mutanen da asalinsu Sikotlan ne, to da zarar Janairu ya kama za ka fara jin ana maganar Daren Burns, wannan na neman mai busa algaitar jaka irin tasu, wancan na cigiyar inda ake sayar da hagis, abincinsu na kayan cikin tunkiya, wata kuma ta duƙufa haddar baitoci. Ranar 25 ga Janairu ake yi, ranar da aka haifi sha'irinsu Robert Burns a ƙauyen Alloway a 1759. Manomi ne ɗan manomi, ya rasu a Dumfries a 1796 yana da shekara 37 kacal, a 1801 wasu abokansa suka haɗu a ɗakin da aka haife shi suka ci abinci suka karanta waƙoƙinsa, shi ke nan abu ya zama al'ada, ta bi su duk inda suka sa ƙafa.

Kuma fa sun bazu sosai. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19 masu filaye a yankin tsaunukan Sikotlan sun riƙa tashin talakawa daga gonakinsu don su zuba tumaki, wasu talauci ne ya kore su, wasu neman arziki. Jirgin ruwan Hector ya sauke wasu a Pictou da ke Nova Scotia ta Kanada a 1773, wasu suka kafa birnin Dunedin a Niyu Zilan a 1848, cikin jagororinsu har da limamin coci Thomas Burns wanda ɗan ɗan'uwan sha'irin ne. Jikokin jikokin waɗannan mutane da yawansu ba su taɓa ganin Sikotlan da idonsu ba amma duk shekara sai sun zauna sun yi wannan dare, kuma ni abin da ke burge ni ke nan, abinci ne na talaka da waƙa da magana mai daɗi suka riƙe zumuncin sama da shekara 200.

To in an gayyace ka, ko kuma kai da maƙwabcinka ko abokin aikinka ɗan Sikotlan kuna son ku haɗa naku a gida, ga yadda abin yake tafiya.

Fara da zuwa na wasu tukunna ka gani da idonka. Ka duba intanet ko Facebook ka nemi ƙungiya mai suna St Andrew's Society ko Caledonian Society ko Burns Club a garin da kake, da wuya babban birni ya rasa ɗaya. Tsofaffin ƙungiyoyi ne, ta Charleston a Amurka tun 1729 take, ta Montreal tun 1835, asali an kafa su ne don a tallafa wa baƙin da suka sauka ba su da kowa. Su ne ke kama babban zaure su sayar da tikiti, kuma tikitin na ƙarewa da wuri, kar ka bari sai ana saura kwana biyu. Ba dole ba ne ya faɗo ranar 25 cif, yawanci Asabar ɗin da ta fi kusa suke ɗauka.

Maganar sutura kar ta dame ka. Mazansu za su zo da kilt, siket ɗin nan na ulu mai zanen layi-layi da suke kira tartan, kowane dangi da irin zanensa, mata kuma su rataya gyale na irin yadin a kafaɗa. Kai ba sai ka je hayar kilt ba, ka tambayi mai gayya, in ya ce kayan alfarma to kwat ya yi, kaftani mai guga da hula ma ya yi, mutane ne masu girmama wanda ya zo da kayan garinsu. In kana son ka ɗan taɓa tartan ɗin, akwai zanen da kowa ke iya sawa kamar Black Watch, akwai na Maple Leaf wanda Kanada ta ɗauka a matsayin na ƙasa a 2011.

Yanzu sai babbar magana, hagis. Mutane na ta zuzuta shi kamar wani abin tsoro, alhali duk wanda ya taɓa zama gaban tukunyar kayan ciki ranar Babbar Sallah ya san rabin labarin. Zuciyar tunkiya ce da hanta da huhu, a dafa a niƙa, a haɗa da albasa da kitsen ƙoda da ɓarzajjen hatsin ot da gishiri da baƙin barkono, a ɗura cikin tumbi a ɗinke a sake dafawa. Na kanti yawanci ba yankan Musulmi ba ne, wasu kamfanonin ma har sukan sa kayan cikin alade, don haka ka karanta jikin leda da kyau. Mafita biyu ce, ko ka sayi na ganye wanda ba nama a ciki, da wake da ot da kayan lambu ake yinsa, kamfanin Macsween na Edinburgh ya fito da shi tun 1984 kuma wallahi yana da daɗi, ko kuma ka je wurin mahaucin halal ka haɗa naka. Ni na fi son na biyun.

In za ka haɗa, ka sa mahauci ya ajiye maka kayan tunkiya ɗaya tun da wuri. In a Amurka kake ka cire huhu daga lissafi, tun 1971 aka hana sayar da shi a matsayin abinci a can, shi ya sa ma 'yan Sikotlan na Amurka ba sa iya shigo da na asali daga gida, sai ka maye gurbinsa da niƙaƙƙen naman rago. Ka wanke kayan tas, ka tafasa su a ƙaramar wuta wajen awa biyu, kar ka zubar da romon. Idan sun huce ka niƙa su amma kar su yi laushi luƙui, ana so haƙori ya ɗan ji wani abu. Shi kuma ot ɗin, irin ɓarzajjen nan za ka nema ba wanda aka latse na kunun safe ba, ka zuba shi a busasshen kasko ka riƙa juyawa har sai ya yi ja-ja ƙamshi ya tashi, wannan suyar ita ce sirrin, in ka tsallake ta abin zai fito da danƙo. Sai ka haɗa komai a babban kwano, ka sa barkono da yawa don hagis mai kyau yana da ɗan yaji, ɗan gyaɗar ƙamshi, ka riƙa zuba romo kaɗan-kaɗan har ya jiƙu ba tare da ya yi ruwa ba. Wurin ɗurawa a tumbi ka tsaya a ɗan sama da rabi, don ot na kumbura, in ka cika shi taf zai fashe maka a tukunya ne kawai. Ka ɗinke, ka tsattsaga shi da allura wurare kaɗan, ka bar shi yana ɓararraka a hankali kamar awa uku. Wanda bai samu tumbi ba ya zuba a kwanon da ke jure zafi ya rufe da takardar foyil ya turara, ɗanɗanon ɗaya ne, sai dai zai rasa daɗin farkewa da wuƙa a gaban jama'a.

Abokan tafiyarsa biyu ne, dankalin turawa da aka dafa aka murƙushe da man shanu, da wani tushe mai launin ruwan ɗorawa da suke ce wa nips, a kantunan Kanada da Amurka rutabaga za ka ga an rubuta. Kowanne a dafa shi daban, a zuba su gefe da gefe a faranti. Kafin nan akwai miya ta buɗe ciki, yawanci romon kaza da albasa mai dogon ganye. Abin zaƙi na ƙarshe kuma kiranakan, kirim ne da zuma da soyayyen ot da 'ya'yan rasberi, amma nan ka yi hattara don a al'ada suna ɗiga wiski a ciki, haka ma miyar da wasu ke zubawa kan hagis ɗin. Ka tambaya kai tsaye, ba wanda zai ji haushi. In kai ne mai gida ka yi shi ba giya, ba abin da ya ragu. Wurin ɗaga kofi ma lemo ko ruwa ya wadatar, in kuma ka samu Irn-Bru, lemon nan nasu mai ruwan goro, to ka faranta musu rai.

Tsarin daren shi ne ainihin abin, kuma kusan iri ɗaya ne ko a Toronto ake zuba ƙanƙara ko a Dunedin ana tsakiyar zafi. Baƙi su shigo ana busa, mai gida ya yi maraba, a karanta 'yar gajeriyar addu'ar godiya da ake kira Selkirk Grace, layi huɗu ne, ma'anarta dai wasu na da abinci ba lafiyar ci, wasu na so ba su samu ba, mu mun samu kuma muna iya ci, to godiya ga Ubangiji. A sha miya. Daga nan sai kowa ya miƙe tsaye, mai algaitar jaka ya shigo gaba yana busa, mai girki na biye da shi ɗauke da hagis a babban tire, jama'a na tafi a hankali har a dire shi kan teburin manya. In ba ku da mai busa ku kunna a sifika, amma in da hali ku nemo na gaske, kusan duk gari akwai ƙungiyar masu busa kuma a wannan makon rububinsu ake yi, tun Nuwamba ya kamata a kama su. Shawara ɗaya, in falon ƙarami ne ya tsaya daga bakin ƙofa, ƙarar ba ta wasa ba ce.

Sai wanda aka zaɓa ya tashi ya yi wa hagis kirari da waƙar da Burns ya rubuta masa a 1786. Baiti takwas ce cikin harshen Sikots, ko Bature ɗan Ingila ba duka yake ganewa ba, don haka a nemi mai ƙarfin murya wanda ya haddace, ba mai karantawa daga waya kansa a sunkuye ba. A baiti na uku zai zaro wuƙa ya goge ta ya farke tumbin daga wannan kai zuwa wancan, tururi ya tashi, ɗaki ya kaure da shewa. Kafin a fito da shi daga kicin a ɗan tsaga shi kaɗan ta sama, in ba haka ba romo mai zafi na iya fallatsa wa na kusa.

Bayan an ci an ƙoshi sai jawabai, kuma nan ne ake gane dare ya yi kyau ko bai yi ba. Na farko shi ne na tunawa da Burns, mutum ɗaya ya yi magana kan rayuwarsa da waƙoƙinsa, minti goma zuwa sha biyar ya isa. In kai aka ba, kar ka tsaya yabo kawai. Ka faɗi yadda ya taso yana huɗa a gonar haya, yadda ya tsaya kan cewa darajar mutum ba a dukiya ko sarauta take ba, ka kuma faɗi cewa a 1786 saura ƙiris ya tafi Jamaika aikin lissafi a gonar rake da bayi ke nomawa, littafinsa na farko da aka buga a Kilmarnock ya samu karɓuwa shi ne ya fasa tafiyar. Wannan magana ce da ya kamata a faɗa a fili, musamman daga bakin ɗan Afirka, kuma masu hankali a cikinsu za su saurara. Wanda ke son ya kawo zancen kusa da gida yana iya ambaton Hugh Clapperton, mutumin Annan ne, nan kusa da Dumfries, ya zo Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa ya rasu kusa da Sakkwato a 1827.

Daga nan wani namiji ya tashi ya yi wa mata godiya cikin raha yana ɗan tsokanarsu, wata mace ta tashi ta rama. A gaya wa mutum biyun tun da wuri su haɗa baki, kuma namijin ya san iyakarsa, wasa ne na girmamawa ba cin fuska ba. Sai a buɗe fili, mai waƙa ya rera, mai baiti ya karanta. Ku sa yara a ciki don Allah, ko baiti ɗaya ne a ba yaro ya haddace ya tashi ya faɗa, don saboda su ake wannan wahala gaba ɗaya. Kuma ba laifi in baƙo ya kawo nasa, a Vancouver tun ƙarshen shekarun 1990 ake haɗa Daren Burns da bikin sabuwar shekarar Sinawa a zaure ɗaya, don haka in ka karanta musu 'yan baitocin Hausa ka fassara, za su karɓa hannu bibbiyu.

Wasu wuraren ana ture tebura a yi rawar keli, akwai mai kira da ke faɗin taku ɗaya bayan ɗaya, ba sai ka iya ba, wanda ba ya rawa kuma ya zauna ya yi tafi. Ana rufewa da godiya ga masu girki da mai busa, sannan kowa ya shiga da'ira a rera Auld Lang Syne, waƙar Burns ta tuna tsohon zumunci. Hannu ake riƙewa, to in ba ka son riƙe hannun wadda ba muharramarka ba, tun kafin a fara ka tsaya tsakanin maza biyu ko kusa da iyalinka, haka ke ma 'yar'uwa. Kar ka yi saurin giciye hannuwa kamar yadda ake gani a talabijin, 'yan Sikotlan sai a baitin ƙarshe suke yi, daman ka ba na hagunka, hagu ka ba na damanka, a ruga tsakiyar da'ira a dawo baya. Sauran hagis kuma kar a zubar, a sa a firij, da safe a yanka shi a soya da ƙwai.