Kurakuran da aka fi yi wajen sa kiɗan saksofon na jazz mai 'yanci a shirin tsakar dare

Salon jazz da Ornette Coleman da John Coltrane da Albert Ayler suka fito da shi a Amurka daga ƙarshen shekarun 1950 ba ya bin tsarin waƙar minti uku. Mai busa yakan yi ƙasa ƙasa har ka ji numfashinsa, can kuma ya ɓarke da kururuwa. Gidajen rediyo ba sa ba shi fili sai dare ya tsala, alhali kayan aikinsu an saita su ne don waƙoƙi gajeru masu ƙarar bai ɗaya. Daga nan yawancin matsalolin ke tasowa.

Babbar ɓarna tana faruwa ne a na'urar matse sauti da ke tsakanin situdiyo da na'urar watsa shiri. Aikinta ta ɗaga abin da ya yi ƙasa, ta danne abin da ya yi sama. Idan aka bar ta a saitin rana, wurin da Ayler ya sassauta busa sai ya cika da shuu, wurin da ya ɓarke kuma ya fito a daƙushe, ganga ta nutse. Ka nemi injiniya ya ware wa shirin saiti mai sauƙin matsi, wanda ba ya saurin ɗaga sauti bayan ya danne shi. Kafin shiri, nemo wuri mafi ƙara a faifan ka daidaita ma'auni da shi, sannan ka cire hannunka. Masu bin maɓallin ƙara sama da ƙasa suna rushe abin da mawaƙin ya gina da gangan.

Akwai kuma na'urar da ke sa ido kan shiru. A tashoshi da yawa, idan ta ji tsit na wasu daƙiƙoƙi sai ta ɗauka layi ya yanke, ta saki waƙar ko-ta-kwana. Faifan saksofon shi kaɗai, irin For Alto na Anthony Braxton, yana da wuraren da sauti ke yin ƙasa sosai. A tambayi injiniya daƙiƙa nawa aka saita mata, a tsawaita su na lokacin shirin.

Yanke kiɗa a tsakiya ya fi komai ɓata wa masu saurare rai. Faifan Free Jazz na Coleman, da aka naɗa a Disambar 1960, ya kai kusan minti 37, Ascension na Coltrane na 1965 kuma kusan 40. Lissafa lokacin labarai da talla tun kafin ka fara. In dole sai an yanke, a Ascension taron mabusa da busar mutum ɗaya suna karɓa-karɓa ne, don haka jira mai busa ya kai ƙarshen nasa, ka sauke a hankali, ka kuma faɗa wa jama'a cewa ɓangare ne suka ji.

Free Jazz yana da wani tarkon. Ƙungiyoyi biyu ne na mutum huɗu-huɗu, ta Coleman a lasifikar hagu, ta Eric Dolphy a ta dama. Mai ƙaramar rediyo ko waya mai lasifika ɗaya zai ji su a cakuɗe. Ka bayyana tsarin kafin ka sa, ka ba da shawarar abin sawa a kunne.

Kada a buɗe shiri da faifai mai zafi irin Machine Gun na Peter Brötzmann na 1968. Wanda ya kunna rediyo yana shirin barci zai murɗa ya bar tashar. Fara da Pharoah Sanders ko faifan Coleman na 1959, The Shape of Jazz to Come, inda akwai karin da kunne zai kama, a kai ga masu zafin a tsakiyar shiri.

Game da magana, kada ka yi ta a kan kiɗa, kuma kada ka nemi afuwa da cewa kiɗan yana da wuya. Faɗi sunan mabusa, da mai ganga, da shekarar naɗi, da abu ɗaya da za a kasa kunne a kai. Misali, Evan Parker yana busa ba yankewa ta hanyar tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, dabarar da mabusan algaita suka daɗe da ƙwarewa a kanta. Fayil ɗin kiɗan kuma ya zama FLAC ko WAV, nau'o'in da ba sa rage ingancin sauti, domin MP3 mai ƙaramin inganci (128 kbps) yana cinye siraran amon da ke saman busar.