Yadda ake yanka gefen tamfol a lanƙwashe don kada iska ta kaɗa shi

Tamfol ɗin kwanan waje da aka yanka gefensa a miƙe ba ya ɗamewa, komai jan igiya. Kusurwoyi su yi tauri, tsakiyar gefen ta saki, iska ta yi ta kaɗa ta fat-fat. A bakin teku kamar Tarkwa Bay da ke Legas, wannan kaɗawar ce ke hana barci, ita ce kuma ke cinye ɗinki. Abin da ke faruwa shi ne, ƙarfin ja yana bi ta cikin yadin a lanƙwashe daga kusurwa zuwa kusurwa, don haka yadin da ke can baki ba ya ɗauke da komai. Shi ake yankewa.

Ga gefe mai tsawon mita 3, zurfin santimita 6 zuwa 8 a tsakiya ya wadatar. Kada a zarce. In ya yi zurfi da yawa rumfar za ta rage faɗi, gefen ba zai kwanta kusa da ƙasa ba, ruwan Yuni na Legas kuwa da iska yake zuwa, ta nan feshi zai shigo.

Fara da fitar da zanen a kwali. Buga ƙusa biyu a bango, mita 3 tsakaninsu, tsayinsu ɗaya daidai. Rataya siririyar sarƙa, ka sassauta har cikinta ya sauka santimita 8, sannan ka bi ta da biro a kan kwalin da ka manna a bayanta. Igiya ba ta kai sarƙa ba, don ba ta da nauyin da za ta zauna sosai. Ka gwada: santimita 75 daga kowace ƙusa, zurfin ya zama kusan santimita 6.

Ninka yadin biyu don gefunan su fito iri ɗaya, danne shi da abu mai nauyi saboda santsi, ɗora kwalin bayan ka yanke shi bisa layin biron, zana da alli, ka bar santimita 2 na kalmasa. Bayan yanka, ɗan babbaka bakin da kyandir kada ya zare. Kalmasa ninki biyu, santimita ɗaya-ɗaya. A nan aiki ya fi ɓaci: in tela yana jan yadin ƙarƙashin keke, bakin zai fito a tattare, ba kuma zai sake miƙewa ba. A bar keken ya ja da kansa, da zaren foliyesta. Kowace kusurwa a yi mata faci kafin a ɗinka madaurin igiya.

Ɗinkin tsakiya, inda aka haɗa ƙyalle biyu, rabin wancan zurfin ya ishe shi. Mai son kafa rumfar salo-salo gara ya bar shi a miƙe.

Wajen sayen yadi a kasuwar Balogun ko ta Oshodi, foliyesta ya fi dacewa da danshin Legas. Nailon yana saki in ya jiƙe, sai an tashi cikin dare an ƙara ɗame igiyoyi.