Yadda ake noman dankalin Turawa a lambun gida

Dankalin Turawa sanyi yake so, shi ya sa Jos ta yi suna da shi. A Kano ko Zariya kuwa sai a jira hunturu, a shuka a Nuwamba da ban-ruwa. In zafi ya riske shi, ganye zai yi ta yi, ƙasa ba komai.

Ka zaɓi iri mai girman ƙwan kaza, wanda ya fito da gajeren tsiro mai kauri. In babba ne ka raba shi biyu, kowane ɓari da ido biyu, wato wurin da tsiro ke fitowa, ka barbaɗa toka a yankan, ka bar shi kwana 2 ya sha iska, don kada ya ruɓe a ƙasa.

Ka kafce ƙasa ta yi laushi, ka cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki. Yi kunyoyi, tazarar santimita 75. Binne irin zurfin santimita 10, tsiro na kallon sama, santimita 30 tsakanin kowanne.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne jan ƙasa. Da shukar ta kai taƙi ɗaya, ka tara mata ƙasa a gindi, ka maimaita bayan mako 3. Duk dankalin da rana ta taɓa kore yake zama, ga ɗaci ga guba, kada a ci.

Ƙasa ta kasance da laima, ba caɓi ba, kuma a gindi ake zuba ruwa, domin jiƙaƙƙen ganye ke jawo cutar baƙin tabo. Shukar da ta kamu, tumɓuke ta.

Bayan wata 3 zuwa 4 ganye zai yi rawaya. Ka tsai da ruwa kwana 10 fatar ta yi ƙwari, sannan ka tona daga gefen kunya, ka ajiye a wuri mai duhu da iska.