Yadda ake canza bel ɗin taimin na Golf 3

Kun yi ta tambayata kan inji 1.8, to ga matakan.

1. Cire kan batir.
2. Kwance fanbel, fuli da murfin taimin.
3. Juya kiranshaf da sifana har maki (alamar saiti) na fulawil da na kamshaf su zauna daidai.
4. Sassauta tenshina (abin da ke ɗame bel), zare tsohon bel.

Hattara, nan aka fi kuskure: shaf ɗin da ke juya distiributa yakan gurgusa. Tabbatar rota (abin da ke juyawa a cikin distiributa) na kallon tsagin bakin distiributa.

5. Sa sabuwar tenshina, ni ba na yarda da tsohuwa.
6. Ɗora sabon bel.
7. Ɗaure tenshina har sai da ƙyar yatsu biyu ke murɗa bel ɗin digiri 90.
8. Juya inji da hannu sau 2, sake duba maki. Ko haƙori ɗaya ya goce, sake ɗorawa.
9. Mayar da komai, sannan ka tayar.