Yadda Za a Shirya Majigin Fim ɗin Turksib a Unguwannin Hausawa na Legas

Fim ɗin Turksib, wanda Viktor Turin ya shirya a 1929, ya nuna yadda Tarayyar Sobiyet ta shimfiɗa layin dogo tsakanin Saiberiya da yankin Turkistan, domin a riƙa kai hatsi kudu, manoman can kuma su duƙufa ga noman auduga. Ya cancanci matasanmu na Agege da Idi-Araba su gan shi, domin jirgin ƙasa ne ya sauke kakannin da yawa daga cikinsu a Ikko.

Da farko a nemi kwafin da ke ɗauke da bayani a rubuce, saboda babu magana a fim ɗin. A ba wanda ya iya karatu ya mayar da bayanin zuwa Hausa tun kafin ranar, kuma a roƙe shi ya taƙaita baki, ya bar hotuna su yi aikinsu. A nemi izinin mai unguwa, a ɗaura farin ƙyalle a farfajiyar makaranta, a ajiye janareta nesa da jama'a, sannan a fara bayan sallar isha'i.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne a zaunar da tsofaffin ma'aikatan reluwe da dattawan fataken goro a sahun gaba. Idan aka zo inda guguwar yashi ta rutsa da ayarin raƙuma, ko inda makiyaya bisa dawakai suke tsere da kan jirgi, sai a dakatar da fim ɗin, a ba su dama su yi magana. A nan ne za a tuna wa yara cewa namu layin ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, wanda ya tashi daga Baro, a bakin kogin Kwara, kuma ya isa Kano a 1911, aka haɗe su a 1912, daga nan gyaɗa da shanu suka riƙa gangarowa, goro yana hawa arewa.

Sai dai a faɗa wa masu kallo cewa fim ne na hukuma, saboda haka murna ya fi nunawa. A tambayi dattawan abin da suka ji daga iyayensu game da aikin tilas da aka sa talakawa a layin Baro, domin haƙƙin waɗanda suka ɗauki ƙasa a kai ne a ambace su.

Bayan haka, a kai matasan zuwa Jaekel House da ke harabar reluwe a Ebute Metta, inda aka adana tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgin.