Yadda ake kula da makullin sarƙar agogo mai tsada a ƙurar Maraɗi

A agogon hannu, injin yana ɓoye cikin gidansa, amma makullin sarƙa shi ke shan wuya. Mai cire agogo a kowace alwala yana buɗe shi ya rufe sau biyar a yini, wato fiye da sau 1,800 a shekara. Duk da haka ba buɗewar ce ta fi cin sa ba. Ƙurar hunturu ce idan ta haɗu da zufa. Sai ta zama baƙin taɓo a cikin gaɓoɓi, tana goge ƙusoshin da ke riƙe su kamar magagari. Shi ya sa za ka ji an ce sarƙa "ta miƙe". Ƙarfen bai miƙe ba, ƙusoshin ne suka sirance, ramukansu suka yi faɗi.

Don ka gane inda taka ta kai, riƙe kan agogon a gicciye ka bar sarƙar ta tsaya a iska. Mai lafiya kan ɗan sunkuya kaɗan. Wadda ta ci za ta lanƙwashe ƙasa sosai. Sannan rufe makullin kusa da kunnenka: ƙara ɗaya mai kaifi ake so, "ƙas". In ya rufe shiru, ko ya buɗe da ɗan taɓi, kada ka hau kabu-kabu da shi sai an gyara.

Wanki shi ne babban magani, sau ɗaya a mako lokacin hunturu da bazara. Fara tabbatar da cewa maɓallin saita lokaci a ɗaure yake tam. In agogon ya tsufa, ko an jima ba a duba robobinsa masu hana ruwa shiga ba, a cire sarƙar a wanke ta ita kaɗai. Ruwa mai ɗumi, ɗigo biyu na sabulun ruwa, da burushin haƙori mai laushi sun isa. Buɗe makullin gaba ɗaya, ka bi mahaɗarsa da ƙasan murfinsa, nan dattin ke taruwa. Ɗauraye, ka tsane da ƙyalle mai laushi. Kada ruwan Javel ya taɓa shi, musamman na zinariya. Kada kuma ka ɗiga masa mai: a nan garin, ƙura kawai man yake kira.

Sai batun ɗauri. Agogon da ke yawo a hannu yana jijjiga kowace ƙusa duk yini, kuma wannan sakin da samari ke so shi ke kashe sarƙa da wuri. Ƙaramin yatsa ya shiga ƙarƙashin makullin da ƙyar, iyakarsa ke nan. Hannu kan kumbura da zafi, don haka Rolex ta sa wa makullanta dabarun ƙara tsawon sarƙa: Easylink mai ƙara milimita 5, da Glidelock na agogonta Submariner mai matsawa milimita 2 a kowane mataki, har kusan 20.

Ƙarfen ma ya bambanta. Rolex na amfani da ƙarfe mara tsatsa nau'in 904L, yawancin sauran kamfanoni nau'in 316L, dukansu masu juriya. Zinariya mai karat 18 ta fi su laushi, ta fi saurin ci.

Tsohon makulli na siririn farantin ƙarfe matsi ne ke riƙe shi, kuma gwanin gyara kan ɗan lanƙwasa farantin ya dawo da ƙarfinsa. Na zamani, irin mai maɓallan dannawa na kamfanin Omega, sifirin ne a ciki, wato ɗan ƙarfen da ke matsuwa ya dawo, sauya shi ake yi. Kada ka bari a kama shi da awartaki a bakin kasuwa. In ƙusa mai zare tana kwancewa, a ɗiga mata Loctite 222, wani gam mai sauƙin riƙo na zaren ƙusa, ba gam mai ƙarfi ba, don gobe a iya kwance ta.

Ƙarzunan da tebur ke yi wa murfin makulli kuwa, bar su. Duk gugar inji tana ɗebe ƙarfe, tana dakushe gefuna da tambari, kuma masu saye sun fi daraja wanda ba a taɓa gogewa ba.